Minti Goman Inna

Ƙarfe shida da rabi na safe Inna takan buɗe ƙofar asibitin dabbobi, kuma a shekara talatin da ɗaya babu wanda ya taɓa riga ta zura makulli a wannan ƙofa. Ba likita ba ce. Idan ka kuskura ka kira ta likita sai ta harare ka, ta ce kada ka ɗora mata abin da ba ta karanta ba. A takarda sunan aikinta mataimakiya, wato ita ce mai riƙe dabba a yi mata allura, ita ce mai ɗibar jini, mai wanke keji, mai kwashe abin da kowa ke toshe hanci ya wuce shi.

Da shigarta takan rataye mayafinta a ƙusa, ta sa farar rigar aiki, ta fara da ɗakin gaba, inda kyanwoyin da aka kwantar suke jiran masu su. Sai ta gama da su tas, ta wanke hannu da sabulu har gwiwa, ta cire farar rigar ta sa wata mai ɗigon jan fenti a aljihu, ta sauya silifa, sannan ta nufi ɗakin baya. Ba ta taɓa juya wannan tsari ba, ko da 'yan ɗakin bayan za su tsaga ƙofa da kuka, kuma kullum sai sun yi.

"Ku yi ta yi," takan ce daga ɗakin gaba, tana goge keji. "Ni ma ban karya ba."

Ɗakin bayan ba wani ɗaki ba ne. Taga ɗaya gare shi mai raga, sai tsohuwar katifa, da katakai uku da ta sa kafinta ya kafa a bango saboda masu son hawa sama. Kowane kwano na ɗakin an shafa masa jan fenti a gindi, haka tsintsiyar, haka bokitin, kuma abin da ke da jan fenti ba ya ƙetare ƙofa. Takan bi kyanwoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga leɓe ta duba dasashi, don in ya yi fari jini ne ya yi ƙasa. Ta shafa wuya ta ji ko akwai kumburi, ta ɗora a sikeli ta rubuta nauyi a kati. Akwai wani ƙaton muzuru da ta sa wa suna Manaja, saboda ba ya tsinana komai sai dai ya hau katakon sama ya zuba ido ana aiki. Shi ma dole ya sauko a duba shi, yana gunaguni tana gunaguni.

Abin da ya haɗa su a ɗakin wata ƙwayar cuta ce da ke shiga jinin kyanwa, ta karya mata garkuwar jiki, wani lokaci ta kai ta ga sankarar jini. Kyanwa ke shafa wa 'yar'uwarta, galibi ta yawu: su lashi juna, su ci kwano ɗaya, su ciji juna wajen faɗa, ko uwa ta ba 'ya'yanta a nono. Ba ta da maganin da ke kawar da ita, amma mai ɗauke da ita tana iya yin shekaru lafiya lau in ta sami kulawa. Kuma ba ta kama mutum. Wannan magana Inna ta faɗe ta har muryarta ta dusashe, ta gaji ta sa aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali aka manna a bango. Mutane sukan tsaya a gaban kwalin, su karanta, su juyo su tambaye ta ko tana kama mutum.

Makon jiya Inna ta yi ritaya, idanunta sun fara gajiya. Sai dai watanta na ƙarshe bai yi kama da na mai shirin hutawa ba, don tun ranar ɗaya ga wata Mai Asibiti ya kira ta ofis.

"Inna, ke kin sani, ni na sani, bayan ke babu mai shiga ɗakin nan," ya ce. "Ga magunguna jibge a baranda rana na dukansu. Ɗakin zai koma sito. Wanda kika samar wa gida ya tsira. Wanda ya rage kuwa..."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta nemi ya ƙarasa ba. Allurar da yake nufi tana cikin durowar da ake kullewa, kyanwa ta yi barci ba ta ƙara farkawa ba. Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne, magungunan da gaske suna lalacewa. Amma kyanwa tara ke ɗakin a ranar, kuma kwana talatin aka ba ta.

Mu ne dai abin haushi, mu masu kawo su. Babu ɗaya a cikin taran nan da ta zo da ƙafarta. Wata a buhu aka ajiye ta a bakin ƙofa, wata mai ita ya ce bari ya je mota ya ɗauko wayarsa, yau shekara uku ana jiran ya dawo. Muna son kyanwa in tana kama mana ɓera, tana birgima a tsakar ɗaki yara suna dariya. Ranar da aka ambaci ciwo kuwa sai kowa ya tuna ai dama ba tasa ba ce, shigowa ta yi.

A tambayi Malama, mai koyar da lissafi a makarantar bayan asibitin, ita da bakinta take ba da labarin. Shekara shida da suka wuce ta kawo kyanwarta Kwalli, ta daina cin abinci. Aka gwada, gwajin ya nuna akwai ƙwayar. Inna ta buɗe baki ke nan ta ambaci sankara, Malama ta saki jaka ta yi baya har ta bugi bango.

"Na shiga uku! Da 'ya'yana take kwana, Inna! A yi mata allurar kawai, ni ba zan koma gida da ita ba."

"Malama, karanta min kwalin can."

"Na karanta, amma dai..."

"Amma dai me? Ke kike koya wa yaran mutane karatu, naki karatun ya tsaya a amma dai?" Ta ɗauki Kwalli ta manna fuskarta a tata, ta shaƙi numfashinta da kyau. "Shekara ashirin da biyar ina wannan. Kalle ni. Banda ciwon gwiwa da mutane irinku, me ke damuna?"

Ta rubuta mata rana a kati, kwana talatin gaba, ta ce a dawo a sake gwaji, domin wasu jikinsu kan danne ƙwayar, gwaji na biyu ya fito fes. Na Kwalli bai fito fes ba. Ranar da aka tabbatar, Malama ta buɗe ƙofar gidanta da la'asar ta ga Inna tsaye da naɗin raga a hammata da ƙusoshi a leda. Ba ta tafi ba sai da kowace taga ta sami raga, don kada Kwalli ta fita ta shafa wa na maƙwabta, kada kuma ta kwaso wani ciwon da jikinta ba zai iya da shi ba. Ruwa ma ƙin sha ta yi, tana ta mitar yadda aka bar kwanon kyanwa da ƙanzon abincin jiya. Kwalli ta ƙara shekara biyar a gidan nan, a kan cinyar autan Malama ta cika.

Ke ce, Inna, mai zuwa gidan da ba a gayyace ki ba, ki yi wa masu gida faɗa, ki gyara musu taga, ki fita ba sallamar kirki. Da wani ne ya yi haka da an daina gaishe shi. Ke kuwa har yau Malama ba ta iya ambatonki ba tare da ta share ido ba.

Sunan da aka fi sanin ta da shi a unguwa shi ne Inna Minti Goma, kuma ga inda ya samo asali. Abin gwajin 'yar farar roba ce, tsawonta bai fi yatsa ba, tana da ɗan rami da 'yar taga. A ɗiga jini a ramin, a ɗiga ruwan magani, a jira minti goma cif. Layi ɗaya ya fito a tagar, babu ƙwayar. Layi biyu, akwai ta. In aka yi garaje layin bai gama fitowa ba, in kuma aka bar robar ta daɗe ta bushe, sai wata inuwa ta bayyana kamar layi ta yi wa mutum ƙarya. Inna tana da ɗan agogon girki mai siffar ƙwai, duk fentinsa ya koɗe. Da zarar jini ya sauka sai ta murɗa shi, ta ja kujera ta zauna ta tasa robar a gaba. A cikin mintin nan goma ba ta amsa gaisuwa, ba ta tashi, ba ta san kowa ba. Maigidanta har gobe yana ƙorafin ranar da ya buga mata waya ya ce 'yarsu ta sauka, an sami namiji. Ta ce, "Masha Allah, Malam, saura minti shida," ta kashe wayar.

Wata takwas da suka wuce aka kawo sabuwar likita. Mace ce mai kuzari, mai takardu, kuma hannunta a tiyata abin kallo ne. Wannan ko Inna ta yarda, sai dai a bayan idonta. Tun makon farko Likita ta ga agogon ƙwai ta yi murmushi.

"Inna, ai akwai agogo a wayata."

"Wayarki tana ƙara mutane su kira ki. Nawa ba wanda ya san lambarsa."

Ranar da suka ɓata an aiki Inna karɓo kaya. Ta dawo ta tarar da Bakanike, mai garejin bakin titi, ƙaton mutum mai hannu baƙi ƙirin da man inji, zaune a benci ya cusa fuska cikin hula yana kuka kamar yaro. Muzurunsa Sifana, wanda ya shekara bakwai yana kwana a garejin, yana kan tebur yawu na dalala daga bakinsa. Likita kuma tana zura makulli a durowar nan.

"Lafiya?"

"An ce ciwon nan ne, Inna, ba zai tashi ba," in ji Bakanike. "Na sa hannu a takarda."

Inna ta ajiye kayan a ƙasa. Ta ɗauki robar gwajin ta kai kusa da ido. Layi na biyu yana nan, dishi-dishi. Ta shafa ramin da babban yatsa, ta ji shi a bushe ƙamas. Ta ɗaga kai ta ga agogon ƙwai a kan kanta inda ta bar shi, ba wanda ya taɓa shi. Ta juya ga Likita.

"Likita, ƙarfe nawa kika ɗiga jinin nan?"

"Ɗazu."

"Ɗazu ba ƙarfe ba ne."

"An kawo kare mota ta buge shi, Inna. Sai in bar shi ya mutu ina kallon roba?"

"Ban ce ki bar shi ba. In kin dawo sai ki jefa wannan a shara ki ɗauko sabuwa. Kuma ko layi biyun na gaske ne, wa ya ce miki ranar farko ake yanke wa rai hukunci? A wane shafin littafin aka rubuta? Mayar da makullin nan aljihunki."

A gaban Bakanike ta faɗi wannan, da mutum biyar da ke jiran layi, da Mai Asibiti da ya leƙo jin hayaniya. Aka sake ɗibar jini, aka murɗa ƙwai, aka jira har ya yi ƙara. Layi ɗaya tal. Ashe haƙori ne ya ruɓe wa Sifana. Likita ta cire shi a ranar, cirewa mai kyau. Daga nan kuma tsakaninta da Inna sai ina kwana da sai gobe.

A nan kam, Inna, sai an faɗa miki gaskiya, ko da yake ba kya son ji. Kin ceci Sifana, duniya ta shaida. Amma ofis yana nan taku huɗu, da kin ja ta ciki kin rufe ƙofa. Bakinki ya kori masu taimako uku a shekara goma, kin kuma zauna kina mitar babu mai son koyon aiki. Da Mai Asibiti ya ce bayan ke babu mai shiga ɗakin baya, ai kin san da hannunki a ciki. Shi ya sa ba ki yi musu ba.

Haka ta shiga watan ƙarshe, kullum in ta tashi daga aiki sai ta bi gari neman gidaje. Mutum zai zaci mai kwana talatin a hannu duk wanda ya miƙo hannu za ta cika masa. Ina! Wani mai shago ya ce a ba shi biyu, ta je ta ga ƙofarsa a buɗe take wuni, ta ce a'a. Wata ta ce tana so, Inna ta tambaye ta sau nawa za ta wanke kwano a rana, ta ce ai kyanwa na lashe abinta, Inna ta miƙe ta yafa mayafi. Bakanike da kansa ya zo ya ce a ba shi duka taran, bashin Inna ne a wuyansa.

"Ka kai su gareji su lashi Sifana? Wahalar da na sha a kansa ka mayar min banza? Tashi ka ba ni wuri."

A gida ta gwada sa'arta sau ɗaya. Maigidanta asma gare shi, gashin kyanwa ɗaya ya isa ya kwantar da shi a gadon asibiti, shi ya sa shekara talatin da ɗaya a bakin ƙofa take cire kayan aiki. Suna cin abincin rana ta ce, ai ɗakin da yara suka bari yana nan a kulle.

"To ki zaɓa," in ji shi. "Ko ni ko Manaja."

Ta ci gaba da juya cokali.

"Au, tunani ma kike yi?"

Ta yi dariya don kada ya ga idonta ya kawo ruwa, ba ta ƙara tayar da maganar ba. Malama ta ɗauki biyu, tagoginta dama suna da raga. Wani tela da ke zaune shi kaɗai ya ɗauki ɗaya, wasu tsofaffin miji da mata suka ɗauki biyu bayan ta yi musu tambayoyi kamar masu neman aiki. Ranar talatin ta zo da saura huɗu, tsofaffin da babu mai so, har da Manaja. Kafinta ya riga ya zo ya auna bango, Manaja na kallonsa daga sama.

Da la'asar aka jera kujeru a ɗakin jira, aka kawo lemo, aka zaunar da Inna a gaba da sabon mayafi. Fuskar nan a haɗe, don ita kaɗai ta san ta yi wa huɗun can wanka da safe, ta ba su kifi, ta kasa kallon idonsu. Mai Asibiti ya miƙe da takarda, ya fara jawabi a kan sadaukarwa. Yana tsakiyar layi na uku sai ga Bakanike ya faɗo da kwali a hannu, man inji duk ya ɓata masa riga.

"A gafarce ni. A cikin injin wata mota na tsince ta, Inna. Ban kai ta kusa da Sifana ba, wallahi, kai tsaye na zo."

'Yar kyanwa ce da ba ta fi tafin hannu ba, ido duk kwantsa. Inna ta miƙe a tsakiyar jawabin da ake yi dominta, ta karɓi kwali ta shige ɗakin gwaji. Likita ta bi bayanta ta tura ƙofa.

Inna ta aske ɗan gashi a ƙafar, ta goga auduga, ta ɗauki sirinji. Jijiyar siririya ce kamar zare. Ta matso da fitila, ta ƙanƙance ido, ta nema, ta sake nema. A shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa soka allura sau biyu ba, yanzu ga shi ko ganin wurin ba ta yi. Takaici ya ishe ta, na idonta, na ranar, na komai. Ta miƙa sirinjin gefe ba tare da ta juya ba.

"Karɓi. Ni zan riƙe."

Likita ta karɓa, sau ɗaya ta samu. Ta ɗiga jinin, ta ɗiga ruwan magani. Sannan ta miƙa hannu kan kanta ta ɗauko agogon ƙwai, ta murɗa shi, ta ja kujera ta zauna. Wayarta ta yi ƙara a aljihu, ta kashe ta ba ta duba ba. Can sai Mai Asibiti ya ƙwanƙwasa ya leƙo, takardarsa a hannu.

"Haba, jama'a na jira, lemo na hucewa..."

"Yallaɓai, minti goma," in ji Likita, idonta a kan roba.

Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙwai ya yi ƙara. Layi biyu ne, ja wur, ba inuwa ba.

Inna ta zauna. Ta san abin da ya kamata ta ce, ta faɗe shi sau dubbai: a ware ta, a ba ta kwana talatin, a sake gwaji. Amma a ware ta a ina, kuma wa zai ƙirga kwanakin? Gobe ita ba ma'aikaciya ba ce, jibi kafinta zai zo. Sai shafa kan 'yar kyanwar take yi da yatsa ɗaya.

Likita ta jawo sabon kati ta rubuta ranar, ta ƙirga kwana talatin a kalandar bango ta rubuta ta biyu. Ta fita, aka ji ƙarar ƙofar ɗakin baya, ta dawo ta tsaya daga bakin ƙofa tana tambaya ko akwai ƙaramin keji mai jan fenti, don a ware 'yar ita kaɗai har ranar gwaji na biyu.

"Likita, wane ɗakin za ki sa ta?" in ji Mai Asibiti. "Kafinta Litinin zai fara."

"Sai ya fara a ofishina, Yallaɓai. Ya fi wancan girma, kuma yana da fanka, magani zai fi jin daɗi. Tebur ɗaya ne a ciki, zan fito da shi baranda. Ɗakin baya ni zan riƙa shiga."

"Har da huɗun?"

"Biyar."

Mai Asibiti ya naɗe takardar jawabinsa ya cusa a aljihu. "Ni da nake murna na rabu da ɗaya," ya ce, "ashe ta bar min wata."

Jama'ar da suka taru a bakin ƙofa suka juya ga Inna. Bakanike ya shirya ganin an rungumi juna, har ya fara laluben hula. Inna ta dubi Likita daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a ƙafa.

"Da wannan takalmin kika shiga?"

"Inna, leƙawa kawai na..."

"Silifa na bayan ƙofa. Rigar na rataye a ƙusa ta biyu, kuma sai kin gama da ɗakin gaba." Ta ɗauki agogon ƙwai, ta goge shi da gefen sabon mayafinta, ta danƙa mata a hannu ta rufe yatsunta a kai. "In ya tsaya ki ɗan buga shi a tebur, 'yata. Tsufa ne, ba lalacewa ba."

Muryarta a nan ta karye, sai ta hau faɗan wa ya bar fitila a kunne.

To, jama'a, ga abin da ake nema a wurinmu, kuma bai kai a ce sai an yi shekara talatin ana maimaitawa ba. Wanda ke da kyanwa ya kai ta a gwada, a yi mata rigakafi in lafiyarta ƙalau. Wanda ya tsinci sabuwa kada ya haɗa ta da ta gida sai an duba jininta. Wanda aka ce wa layi biyu ya zauna ya saurara har ƙarshe, ya koma bayan kwana talatin, kada ya tuna ya manta waya a mota. Mai taga da raga da ɗan haƙuri kuwa, Manaja yana nan yana jiran wanda zai sa wa ido. Kuma duk mai aikin da wani rai ya rataya a kan mintinsa goma, likita ne shi ko direba ko mai haɗa wayar lantarki, ya ja kujera ya zauna ya cika su.

Ke kuwa, Inna Minti Goma, uwar waɗanda aka ajiye a buhu, an ba mu labarin abin da kika yi ranar Litinin. Maigidanki ya ce ya farka bai gan ki ba. Ƙarfe shida da rabi kina bakin asibiti, hannunki a jaka kina laluben makullin da kika riga kika mayar. Sai kika ga ƙofar a buɗe, wani ya riga ki. Kika tsaya daga waje kina saurare, don ki kama kuskure, mun san halinki. Kika ji ƙarar bokiti daga ɗakin gaba, kika ji 'yan ɗakin baya sun cika gini da kuka, har da wata siririyar murya da ba ta cikinsu a da. Sannan kika ji Likita daga ɗakin gaba tana cewa su yi ta yi, ita ma ba ta karya ba.

Mai shagon da ke kallon asibitin ya ce kin daɗe a tsaye, kin share fuska da mayafi, kin ja tsaki, kin juya.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa idanun nan haske, ya ba gwiwar nan sauƙi. Mun gode, mu da muka ba ki haushi, da su da ba su da bakin godiya. Koma gida ki karya, Inna.